Cututtukan nono da ba sankara ba, da matsalolin shayarwa

Yawancin ƙululu da ciwon da ke samun nonon mace ba sankara ba ne. A wajen 'yan mata da mata masu shekara 15 zuwa 35, wanda aka fi gani shi ne faiburo'adinoma, ƙululu mai santsi, marar zafi, da ke zillewa idan aka taɓa shi. Daga shekara 35 zuwa 50 an fi samun jakar ruwa, wadda kan ƙara zafi gab da al'ada.

Mai shayarwa kuwa, galibin wahalarta daga abu biyu take: jariri bai kama nono daidai ba, ko nonon ba ya fita yadda ya kamata. A kamu mai kyau jariri yana wage baki, haɓarsa na taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nono. Idan kan kaɗai ya cafke, sai kan nonon ya tsage, yana zafi, har jini.

Kwana 3 zuwa 5 bayan haihuwa nono kan cika ya yi tauri. Maganinsa shayarwa akai-akai, sau 8 zuwa 12 a awa 24. Idan taurin ya hana jariri kamu, a tatsi kaɗan da hannu har wurin ya yi laushi, bayan shayarwa a ɗora tsumma mai sanyi. Murza nono da ƙarfi kuskure ne, ƙara kumburi yake yi.

Kumburin nono mai zazzaɓi ya fi zuwa a makonnin farko. Wani sashe na nono ya yi ja, ya ɗau zafi, ga rawar sanyi da ciwon jiki, zafin jiki ya kai digiri 38.5. Ƙwayar cutar da ta fi haddasa shi ita ce Staphylococcus aureus, tsagewar kan nono kuma ƙofa ce gare ta. Abin takaici, a nan ne mata da yawa ke janye jariri don tsoron nonon ya lalace, alhali ci gaba da shayarwa na cikin maganin. Mai ɗauke da HIV kuwa ana so ta tatse nonon mai ciwo ta zubar har ya warke. Hutu da parasitamol suna taimakawa. Idan babu sauƙi cikin awa 24, likita zai rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi na kwana 10 zuwa 14. Kumburin da aka yi wa sakaci yakan tara mugunya, sai an zuƙe ta da sirinji ko an tsaga.

Ƙululu mai tauri da ba ya motsi, jini daga kan nono, fata da ta koma kamar ɓawon lemu, ko jan da bai ji magani ba, duk suna buƙatar a je asibiti a yi hoto da gwaji don a gano ko sankara ce, ko da ana shayarwa.