Kamun wolai a Misisifi: kogi ɗaya, amma kowace madatsa da dokarta

Da Satumba ta kama, ruwan kogin Misisifi ya fara sanyi, sai ka ga kwale-kwale sun yi layi a gindin tsibiran yashi tsakanin jihohin Minesota da Wiskonsin a Amurka. Wolai suke nema, kifin nan mai manyan idanu masu ƙyalli wanda Minesota ta ayyana a matsayin kifin jiha tun 1965. A wannan lokaci yakan laɓe inda yashi ya yanke ya gangara zurfi, yana dakon ƙananan kifaye, galibi da asuba ko gab da magariba. Wanda ya san wurin ba ya shan wahalar kamu. Inda baƙo ke tuntuɓe shi ne doka.

Lasisi ne farko. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya yanka, kuma na Minesota yana aiki ne daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu. Inda kogin ya zama iyaka tsakanin jihohin biyu, mazaunin kowacce yana kamu da lasisin jiharsa. Da fatsa kaɗai ake kama wolai. Wanda ya taso da taru ko koma ya bar su a gida.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. An daddatse kogin da madatsu domin jiragen dakon kaya, kuma ruwan da ke kwance a bayan kowace madatsa ana kiransa tafki, da lambar madatsar da ta tare shi. Dokar wolai tana bin lambar tafki ne, ba sunan kogi ba.

A tafki na 2, daga madatsar Ford da ke tsakanin biranen Minneapolis da St. Paul zuwa madatsar garin Hastings, kana iya jefa ƙugiya duk shekara, amma ko ɗaya ba za ka kai gida ba. Ka kama, ka cire ƙugiya, ka mayar nan take. Shi ya sa manyan wolai suka yi yawa a can, a tsakiyar gari.

Daga tafki na 3 zuwa na 8, wato har da tafkin Pepin da ke ƙasan garin Red Wing, tun 2020 huɗu ne iyakarka a rana. Wolai ɗin da bai kai inci 15 ba, kusan santimita 38 ke nan, komawa ruwa zai yi, kuma cikin huɗun ɗaya ne tak zai iya wuce inci 20. Ka gangara tafki na 9, lissafi ya sake: shida ne, amma duk wanda tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 20 da 27 haramun ne, sai ɗaya da ya haura 27. Dalili kuwa, masu wannan girman yawancinsu mata ne, su ke zuba ƙwai da bazara. A ganina wannan ce ta fi ma'ana cikin ƙa'idojin duka, ko da yake ita ce ta fi ciwo, don kifin da ya fi cika ido shi za ka saki da hannunka.

Adadin kuma a haɗe yake da ɗan'uwansa kifin soga, wanda shi da wolai suke kama kamar an tsaga kara. Dubi wutsiya: wolai na da farin tabo a ƙasanta, soga kuwa ɗigo-ɗigon baƙi gare shi a ƙayar baya. Wajen awo, kwantar da kifin a kan ma'auni, baki a rufe, ka matse wutsiya, ka karanta daga hanci zuwa ƙarshenta. Kada ka yanka ka fere shi a cikin kwale-kwale, domin jami'i na bukatar ganinsa da kai da wutsiya ya auna.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: a Minesota, kifin da ke cikin firizarka a gida yana cikin lissafin abin da aka yarda ka mallaka. Ba a tara na jiya a ɗora na yau.

Shi kansa yashin da kake tsaye a kai yana da mai shi. Daga garin Wabasha zuwa ƙasa, yawancin tsibiran suna cikin gandun namun daji da kifi na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1924, kuma an hana shiga da kwalaben gilashi na abinci ko abin sha. In ka tashi tafiya, sauran ƙananan kifayen da ka sayo don koto ba a juye su a kogi, a shara ake zubarwa. Ka zare toshiyar kwale-kwalenka ruwan ya tsiyaye kafin ka hau titi, saboda wata ƙaramar katantanwa mai ratsi-ratsi da ƙwayoyinta ke bin ruwan jirgi daga wannan tafki zuwa wancan. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota tana sake buga littafin ƙa'idojin kowace shekara, kyauta ake ɗauka a shagunan da ke sayar da lasisi.