Masara ce ke kawo zazzaɓi? Tambayoyi kan zanen musabbabi

Mene ne zanen musabbabi?

Takarda da biro ne kawai. Mai binciken cututtuka zai rubuta abubuwan da yake zargi, sannan ya ja kibiya daga abin da ke jawowa zuwa abin da aka jawo. Sharaɗin shi ne kada kibiya ta zagayo ta koma inda ta taso. A Turance ana ce masa directed acyclic graph, a taƙaice DAG. Masanin ilimin gadon halitta Sewall Wright ya yi amfani da irinsa a 1921, amma a 1999 ne masana uku, Greenland da Pearl da Robins, suka shimfiɗa shi ga masu binciken cututtuka a mujallar Epidemiology.

Ƙididdiga ba ta isa ba ne?

Ba ta isa ba. A Daura za ka ji ana cewa cin sabuwar masara na kawo zazzaɓi. Ka ƙirga a watan Agusta, za ka ga masu cin masara sun yawaita, masu zazzaɓi ma haka. Amma ja kibiyoyin ka gani: damina ce ke nunar da masara, ita ce kuma ke cika kududdufai da sauro. Damina uwa ce ga duka biyun. Idan ka kwatanta mutane a cikin wata guda, masara za ta fita daga zargi.

To, sai a cusa komai cikin lissafi a huta?

Nan ne nake yawan jan kunnen ɗalibai, domin kuskuren yana da tsada. A ce ka tattara bayanai daga ɗakin yara na wani asibiti a Katsina. Tamowa na sa a kwantar da yaro, ƙyanda ma haka. Kibiyoyi biyu sun haɗu ke nan a kan “kwanciya asibiti”. Yaron da ba shi da tamowa, dole wani ciwon ne ya kawo shi, sai ka ga kamar ƙoshin abinci na tafiya da ƙyanda. Zaɓen marasa lafiyan ne ya gurɓata alaƙar, kuma haka take gurɓata idan ka cusa irin wannan mahaɗar kibiyoyi cikin lissafi. Masanin ƙididdiga Joseph Berkson ya yi bayanin irin wannan gurɓatar bayanan asibiti tun 1946.

Wa ke yanke inda kibiya za ta nufa?

Manhajar DAGitty za ta nuna maka abin da ya kamata ka saka a lissafi, amma kibiyoyin kai za ka ja su, kuma kafin ka fita tattara bayanai. Ka zauna da ma'aikaciyar asibitin ƙauye da ungozoma, su ne suka san wanda ake kawowa da wanda ake jinya a gida.