Ƙarfin janyowa a cikin ƙasa

Ƙarfin janyowa shi ne ke jan kowane abu zuwa tsakiyar duniya, shi ne kuma ke ba abu nauyinsa. A doron ƙasa, gudun abin da ke faɗuwa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Idan aka nutsa cikin ƙasa wannan adadi yana canzawa, amma ba ta yadda aka fi zato ba.

Tushen lissafin yana cikin littafin Principia na Isaac Newton, wanda ya fito a 1687. Newton ya nuna cewa ɓawo mai siffar ƙwallo, wanda kaurinsa ɗaya ne ko'ina, ba ya jan abin da ke cikinsa ta kowace fuska, domin jan gefen kusa da na gefen nesa suna kashe juna. Ke nan wanda ya yi zurfi, ƙasar da ke tsakaninsa da tsakiya ce kaɗai ke jansa. Duk shimfiɗar da ta fi shi nisa daga tsakiya ba ta cikin lissafi. Da a ce cikin duniya iri ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, da nauyi ya riƙa raguwa daidai da zurfi, rabin hanya rabin nauyi.

Duniyarmu ba haka take ba. Cibiyarta ta ƙarfe ce mai matuƙar cunkoso, tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan nauyin duniya. Duwatsun sama kuwa ba su da nauyi sosai: gutsuren da tsawonsa, faɗinsa da kaurinsa kowanne santimita ɗaya ne yakan kai giram 2.7 zuwa 3, alhali matsakaicin duniya gaba ɗaya giram 5.5 ne. Mai sauka yana barin abu mara nauyi a bayansa, yana kusantar mai nauyi. Shi ya sa janyowar ba ta raguwa a farkon tafiya. Masanin taurari George Airy ya gwada haka a 1854 a ramin kwal na Harton da ke Ingila, ya ga agogo mai lilo ya fi sauri a ƙasan ramin, alamar cewa janyowar ta fi ƙarfi a can.

Tsarin PREM, wato lissafin yanayin shimfiɗun cikin duniya wanda Adam Dziewonski da Don Anderson suka fitar a 1981 daga nazarin girgizar ƙasa, ya nuna janyowar, wadda take 9.8 a doron ƙasa, tana kusa da 10 a mafi yawan zurfin duwatsu, ta kai ƙololuwarta, wajen 10.7, a zurfin kilomita 2,890 inda cibiya ta fara. Daga nan sai ta yi ta raguwa har ta zama sifili a tsakiya, kilomita 6,371 daga sama. Lissafi ne duk wannan, ba awo da hannu ba; ramin Kola na Rasha ma, wanda shi ne rami mafi zurfi da aka taɓa haƙawa, kilomita 12 da 'yan kai kawai ya kai.

A tsakiyar babu nauyi, amma matsi ya kai matuƙa, kusan ninki miliyan 3.6 na matsin iska a bakin teku, domin duk shimfiɗun da ke sama suna danna na ƙasansu. Wata, mai ƙaramar cibiya, ya fi kusa da misalin jiki iri ɗaya, janyowarsa na raguwa kusan daidai da zurfi.