Shin ciyaman na da ikon yanka filin gari ya yi shaguna? Ga abin da doka ta ce

A garinmu akwai wani fili a bayan firamare da muka taso muna buga ƙwallo a ciki, mata suna shanya hatsi a gefe, ranar kasuwa kuma nan masu a-kori-kura suke sauke kaya. Wata safiya kawai aka ga 'yan awo da igiya da turaku, wai za a fitar da shaguna. Da dattawa suka je sakatariya sai aka ce musu ƙaramar hukuma ba ta da kuɗi, dole a nemo kuɗin shiga. Wallahi abin ya tsaya min a rai, shi ya sa nake so mu duba dokar da kanta.

Maganar babu kuɗi dai ba ƙarya ba ce. Ƙananan hukumomi 774 gaba ɗayansu kashi 20.60 cikin ɗari suke samu daga asusun tarayya, kuma shekara da shekaru kuɗin ba ya zuwa hannunsu kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha wanda sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa, a can a cire albashin malaman firamare a cire wannan a cire wancan, abin da zai iso wa ciyaman wani lokacin ko man janareta ba zai saya ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a dinga tura musu giran ɗinsu kai tsaye, amma yanke hukunci daban, aiwatarwa daban. Abin da kundin ya bar musu su tara da kansu shi ne irin kuɗin rumfar kasuwa, tasha, kwata, lasisin keke da amalanke, rajistar aure da haihuwa, sai harajin gidaje. A ƙaramin gari nawa wannan zai tara? Shi ya sa ido yake komawa kan ƙasa, ita ce kaɗai kadarar da za a yanka yau a ga kuɗi gobe.

To a nan dokar amfani da ƙasa ta 1978 take shigowa, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo. Ta raba ƙasar kowace jiha gida biyu. Duk inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, ikon bayar da fili na gwamna ne shi kaɗai, ciyaman ba shi da ta cewa. Inda ba a ayyana ba kuwa, sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma dama ta ba da takardar mallaka ta gargajiya, na noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, in ya wuce haka sai da yardar gwamna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kalmar birni a nan ba girman gari take nufi ba, takarda ce kawai gwamna yake sa wa hannu, kuma a jihohi da dama hedikwatar ƙaramar hukuma ma tana ciki ko da kuwa titi ɗaya ne a garin. Kenan tambayar farko da ya kamata dattawanmu su yi ita ce, garin nan an ayyana shi ko ba a ayyana ba? In an ayyana, takardar da sakatariya ta ba ka ta shago ba ta da ƙafar tsayawa, ranar da hukumar tsara birane ta jiha, irin su KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, ta zo da jan fenti, kai da ka sayar da shanu ka gina kai ne za ka kwana a ciki. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jiha ne, a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya.

In kuma garin yana hannun ƙaramar hukuma, eh tana iya karɓar fili, amma da sharaɗi. Dole ya zama don amfanin jama'a ne, asibiti, hanya, makaranta, faɗaɗa kasuwa. Kotuna sun sha cewa ƙwace wa Audu a ba Tanko ya yi kasuwancinsa ba amfanin jama'a ba ne. Sannan akwai diyya, kuma dan Allah a fahimci wannan sosai domin nan ake cutar talaka, diyyar ba ta ƙasar ba ce, ta abin da ka zuba a kai ce, gini, rijiya, bishiyoyi, amfanin gona. In gona ce aka karɓa doka ta ce a ba ka wata a madadinta, in kuma ƙaramar hukuma ta ƙi biya gwamna na da ikon sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. Dokar ma ta ce kowace ƙaramar hukuma ta samu kwamitin ba da shawara kan rabon filaye, ba ciyaman da sakatare su biyu a ofis ba.

Abin da ya fi damuna filayen da ba su da takarda ne saboda na kowa ne, burtali, mashaya, gefen maƙabarta, filin Idi, kwari da ruwa yake bi. Su ake fara yankawa don babu mutum ɗaya da zai tashi ya ce nawa ne. A toshe burtali shanu su faɗa gona, a cike hanyar ruwa damina ta shiga ɗakunan mutane, kuɗin shagunan kuma an gama kashe su tun kafin a sa kwano. Mu dai a garinmu an rubuta takardar koke da sa hannun dagaci da masu unguwanni, an kai sakatariya an kai kwafi ma'aikatar ƙasa ta jiha, ana neman a nuna mana taswirar garin da takardar zaman kwamitin da ya amince a yanka filin.