Dokar Nakasassu ta 2018: Wa Za A Ɗaure Kan Bara, Kuma Ina Kashi 5 Ɗin Aikin?

Duk lokacin da aka ji motocin jami'ai sun fito kamen mabarata, kamar yadda aka yi a Abuja a ƙarshen 2024 bayan Minista Nyesom Wike ya ba su wa'adi su bar titunan birnin, sai saƙonnin murya su cika WhatsApp. Wannan ya ce akwai dokar tarayya da ta tanadi wata shida a gidan yari ga duk gurgu ko makahon da aka kama yana bara. Wancan ya ce ai dokar ta tilasta wa kowane kamfani da kowane shago ya ɗauki nakasassu aiki. Wani kuma ya ce duk mai nakasa magani kyauta ne gare shi a asibitin gwamnati, ma'aikata ne kawai suke ɓoyewa. Maganganun nan uku daga doka ɗaya suka samo tushe, kuma kowacce an yi mata ƙari ko ragi.

Dokar ita ce ta haramta nuna wariya ga nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 23 ga Janairu, 2019. Ta sha wuya kafin ta fito. Tun 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, Majalisar Tarayya kuma ta zartar da ƙudurin a zamanin Goodluck Jonathan, amma bai sa hannu ba. Ta shafi duk mai lalura mai ɗorewa a gaɓɓai, ko gani, ko ji, ko ƙwaƙwalwa. Ita ce kuma ta kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa, wadda aka naɗa wa shugabanni a 2020.

Mu fara da abin da ya fi tayar wa mutane hankali, wato sashe na 16, mai magana kan bara. Abu uku ya haramta. Ya hana kowa ɗaukar nakasasshe ko amfani da shi ko saka shi cikin bara. Ya hana yawo da nakasassu a bainar jama'a don neman sadaka. Sannan ya hana fakewa da nakasa a yi bara a bainar jama'a. Wanda kotu ta samu da laifi, tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun.

Na farko da na biyu ba su da ruɗani, kuma ba nakasasshen suke nema ba. Suna neman wanda ya mayar da shi jari. Kowa ya san masu ɗauko yara guragu daga ƙauye su jera su a bakin danja, da yamma su zo su kwashe abin da aka samu. Kowa ya ga masu kwantar da mara lafiya a bakin kasuwa, a buɗe ciwonsa, ana shela da lasifika ana miƙa kwali. Waɗannan ne sashen ya nuna wa yatsa, kuma ba na jin akwai mai imanin da zai ce an zalunce su.

Na ukun ne matsala. Idan aka ce mutum ya fake da nakasa, fahimtar da ta fi kusa ita ce lafiyayyen da ya ɗaure ƙafa da tsumma, ko ya rufe ido ya sa yaro yana jansa, ko mai lalura kaɗan da ke iya sana'a amma ya kambama ta don a tausaya masa. Makahon gaske ba fakewa ya yi ba, makantar ce ta same shi. Sai dai jimlar ba ta fito fili ta cire shi ba, don haka jami'in da ke neman hujja zai iya karanta ta yadda za ta haɗa da shi. Haka ma maganar yawo da nakasassu. Ɗan jagoran da ke riƙe da sandar mahaifinsa, da ƙanen da ke tura keken yayansa zuwa masallacin Juma'a, idan aka bi zahirin rubutun za a iya cewa sun faɗa ciki, alhali ba su suka ƙirƙiro halin da gidan yake ciki ba. A ganina nan masu rubuta dokar sun yi sakaci, kuma sakacin a kan mafi rauni yake faɗawa.

Duk da haka, wanda ya ce da zarar an kama gurgu yana bara shi ke nan wata shida, bai faɗi daidai ba. Hukuncin sashen sai bayan an gurfanar da mutum, an saurare shi, kotu ta tabbatar da laifi. Ɗan sanda ko jami'in tsaftar gari ko ɗan Hisba ba shi da ikon yanke tarar naira 100,000 a bakin titi, kuma duk wanda ya nemi a biya shi nan take da sunan wannan doka, cin hanci yake nema. A kuma bambance: jihohi irin su Kano da Kaduna suna da nasu dokokin hana bara a titi, waɗanda suka shafi mai nakasa da mara nakasa. Idan aka yi kame a can, a fara tambayar da wace doka aka yi shi, kada a ɗora wa ta tarayya abin da ba ita ta yi ba.

Yanzu batun aiki, inda mutane suka fi sa rai, kuma inda aka fi yaudarar su. Sashe na 29 ne ya kawo maganar kashi 5 cikin ɗari. Abin da ya ce shi ne, masu ɗaukar ma'aikata a hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga nakasassu sun kai aƙalla kashi 5 na ma'aikatansu. Na gwamnati ya ambata, bai ambaci banki mai zaman kansa ko masana'anta ko shagon Alhaji a Kantin Kwari ba. Sannan “iya ƙoƙari” ya ce, kuma bai ajiye ko sisin kwabo na tara ga shugaban hukumar da ya ƙi ba. Ma'aikatar da ta ɗauki mutum 200 babu nakasasshe ko ɗaya, abin da za ta ce kawai shi ne ba ta samu waɗanda suka cancanta ba. Wa zai ƙaryata ta, tunda galibin guraben ma ba a tallata su, a ɗaki ake raba su?

A ajiye sassan biyu kusa da juna a duba. Wajen hana bara, dokar ta faɗi laifi, ta faɗi tara, ta faɗi watannin ɗauri. Wajen samar da aikin da zai raba mutum da barar, sai ta koma roƙo. An sa wa ƙofa ɗaya kwaɗo, ɗayar kuma an ce za a buɗe in hali ya yi. Ba ina kare bara ba ne, su kansu ƙungiyoyin nakasassu sun daɗe suna cewa ta zubar musu da mutunci, kuma duk wanda ya ga yadda guragu ke ƙera kekuna ko makafi ke saƙar igiya da kujeru ya san ba kasala ce ta fito da kowa titi ba. Amma gwamnatin da ta sa wa talaka hukunci ta cire wa kanta, ba ta yi rabon adalci ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne sashen da ya gabaci wannan, na 28, ya fi shi haƙori. Ya ce nakasasshe yana da haƙƙin yin aiki daidai da kowa, kuma bai taƙaita ga gwamnati ba. Mutumin da ya tauye wannan haƙƙi zai biya diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba. Idan kamfani ne, aƙalla naira 500,000, sannan duk babban jami'in kamfanin da ke da hannu ya ƙara naira 50,000 daga aljihunsa. Kuɗin nan ba asusun gwamnati suke shiga ba, hannun wanda aka zalunta suke zuwa. Wato ba za ka iya tilasta wa kamfani ya ware maka gurbi ba, amma idan ka ci jarabawa aka kira ka ganawa, suna ganin sandarka suka ce gurbi ya cika, ko aka sallame ka bayan haɗari ya taɓa maka ƙafa alhali kana iya aikinka, kana da inda za ka tsaya. Masu kamfanonin da ke fargabar za a cika musu ofis da waɗanda ba su iya aiki ba su kwantar da hankali, ba a ce su ɗauki wanda bai cancanta ba. An ce kada nakasa ta zama dalilin ƙin wanda ya cancanta.

Maganar magani kyauta ita ma rabinta gaskiya ne. Sashe na 21 ya ɗora wa gwamnati tabbatar da cewa kowane nakasasshe ya samu kulawar lafiya ba tare da wariya ba, amma kyautar ga masu lalurar ƙwaƙwalwa kaɗai ya ba ta, a asibitocin gwamnati. Gurgu ko kurma ko makaho zai biya kuɗin kati da na magani kamar kowa, sai dai in jiharsa ta yi masa wani tanadi. Wanda ya je yana faɗa da mai karɓar kuɗi a kan haka, ɓata wa kansa rai kawai zai yi. Masu lalurar ƙwaƙwalwar kuma dokar ta ce su karɓi takardar shaida daga Hukumar Kula da Nakasassu, likita na iya bayar da ta wucin gadi wadda ba ta wuce kwana 180, kuma wanda ya bayar ko ya karɓi ta bogi yana fuskantar tarar naira 200,000 ko ɗaurin shekara 1.

Akwai wani tanadi a sashe na 24 da ya kamata kurame su riƙe da kyau: asibitin gwamnati da ke duba mai matsalar ji ko magana dole ya samar da hanyar fahimtar juna, kamar mai fassara da maganar hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mace kurma mai naƙuda da ba ta jin abin da ungozoma ke ce mata, ko wanda aka ba magani bai gane sau nawa zai sha ba, rayuwarsu ce a kan siraɗi. Sau da yawa ɗan mara lafiyar ne ake sa wa ya yi fassara, har a kan ciwon da uwa ba za ta so ɗanta ya ji ba.

Sauran tanade-tanaden ba a cika gardama a kansu ba. A layin banki ko asibiti a fara sallamar nakasasshe, wanda ya ƙi kuma tarar naira 50,000 ce ko wata 6. Karatu kyauta ne har sakandare. Gine-ginen da jama'a ke shiga an ba su shekara 5 su yi gangarar keke da sauran gyare-gyare, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, kuma kowa na iya zagayawa sakatariyar ƙaramar hukumarsu ya ƙirga matakala.

Wani abin da ya rage wa dokar ƙarfi shi ne darajar naira. Ranar da aka sa mata hannu mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, don haka tarar naira 100,000 ta haura albashin wata biyar. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, tarar ba ta kai albashin wata ɗaya da rabi ba. Ga mabaraci har yanzu dutse ce. Ga kamfanin da sashe na 1 ya ci tarar naira miliyan 1 saboda nuna wariya kuwa, ba ta kai kuɗin man janaretansa na mako ba. Gyaran wannan sai Majalisar Tarayya.

A kuma tuna cewa makarantun firamare, da manyan asibitocin jiha, da ɗaukar ma'aikatan jiha, duk a hannun gwamnoni suke. Shi ya sa jihohi ke yin nasu dokokin. Legas ta yi tata tun 2011, kafin ta tarayya ma, wasu jihohin Arewa sun bi, kuma abin da kowacce ta tanada ya bambanta. Mai neman aikin koyarwa a jiharsu ya nemi dokar jihar ya karanta, ko ya sa a karanta masa, kafin ya dogara da kashi 5 na Abuja.

Wanda aka hana aiki saboda lalurarsa kada ya tsaya a kuka a rediyo kawai. Ya adana tallar gurbin, da takardar gayyata, da sakamakon jarabawa, da duk saƙon da aka turo masa ta waya, ya rubuta ranar da abin ya faru da sunan wanda ya faɗa masa maganar, in akwai shaida ya riƙe lambarsa. Da waɗannan zai kai ƙorafi Hukumar Kula da Nakasassu, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ofishin ba da agajin lauya kyauta. Ko da hukuma ba ta gurfanar da kowa ba, ko an gurfanar kotu ta wanke shi, sashe na 1 ya bar wa wanda aka nuna wa wariya damar shigar da ƙarar neman diyya da kansa.