Ma'anar "kwance damarar nukiliya" da alaƙarta da mulkin mallaka

Mai bin labaran duniya a rediyo a Kano ya saba jin wannan kalma duk sanda aka zo batun Iran ko Koriya ta Arewa. Damara ita ce abin da mayaƙi ko ɗan kokawa ke ɗaurawa a ƙugu idan zai shiga fage, kwance ta kuwa ajiye faɗa ne. A harkar nukiliya ana nufin ƙasar da ta riga ta mallaki bam ta lalata shi kwata-kwata. Sau da yawa ana cakuɗa ta da "hana bazuwa", wato hana wanda ba shi da bam ya samu, alhali abubuwa biyu ne daban.

Aikin kansa hawa-hawa ne. Da farko a cire kan bam ɗin daga makami mai linzami, a warware shi, a raba nakiyar da ke kewaye da ƙwayar tsakiya. Wahalar tana wajen ƙwayar, wadda ake yi da ƙarfen yuraniyom ko na fulutoniyom. Yuraniyom yadda ake haƙo shi yana da kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na nau'in 235 mai fashewa; na bam sai an tace shi zuwa wajen kashi 90. Don haka ana gauraya shi da marar ƙarfi har ya sauko kashi 3 zuwa 5, ya zama makamashin tashar lantarki. Haka aka yi da tan 500 na Rasha tsakanin 1993 da 2013. Fulutoniyom ba ya sirkuwa ta wannan hanya: kilo 8 ya isa bam ɗaya, kuma sai ya shekara kusan 24,000 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Wani cikas kuma shi ne tantancewa, domin masu sa ido na son tabbatar da cewa bam na gaske aka warware, mai shi kuma ba ya yarda a ga sirrin ƙirarsa. Ko nan kusa da mu, a 2018 an sauya wa ƙaramin injin binciken nukiliya na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya makamashi, aka mayar da tataccen yuraniyom ɗinsa Sin.

To ina mulkin mallaka ya shigo? Yuraniyom na bama-baman farko na Amurka, mafi yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ya fito, a Kongo, lokacin tana hannun Beljiyam. Da aka zo gwaji kuma, ƙasar waɗanda ba su da bakin cewa a'a aka nufa. Amurka ta tayar da 67 a tsibiran Mashal daga 1946 zuwa 1958. Ingila ta yi nata a Maralinga, ƙasar 'yan asalin Ostareliya. Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960 a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta yi gwaji 17 a Saharar kafin ta koma tsibiran Folinesiya. Duk wanda ya san yadda iskar hunturu ke kwaso ƙura daga hamada ta lulluɓe Kano zai gane abin da ya tayar wa mutanenmu hankali a lokacin. A Janairun 1961 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, ta yanke hulɗa da ƙasar, wata uku kacal bayan samun 'yanci. Matakin nan ya cancanci yabo.

Yarjejeniyar hana bazuwa ta 1968 ta amince da mallakar bam ga waɗanda suka yi gwaji kafin 1 ga Janairun 1967: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa da Sin. Sashe na 6 ya ɗora musu tattauna kwance damara, amma ba a sa wa'adi ba. Ga rashin adalcin nan ƙarara: marar bam ana bincikarsa ciki da bai, mai bam an bar shi da alkawari. Afirka ta Kudu ce kaɗai ta ƙera nata, guda shida, ta kuma warware su, daidai lokacin da mulkin wariyar launin fata ke shirin faɗuwa.

Wannan ne ya sa ƙasashe 122 suka amince da yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya a 2017. Nijeriya ta tabbatar da ita ranar 6 ga Agustan 2020, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a Janairun 2021. Ta tanadi taimaka wa waɗanda gwaje-gwaje suka cutar da tsabtace wuraren da aka gurɓata. Babu ko ɗaya daga cikin ƙasashe masu bam da ta sa mata hannu.