Idan Kotu Ta Sanya Sunanka Cikin Shari'ar Haya

Ana ta yaɗa cewa duk wanda kotu ta sanya sunansa cikin rikicin mai gida da ɗan haya, to shi ke nan an ɗora masa bashin. Ba haka ba ne. Ana sanya sunan ne domin a ji ta bakinka kafin a yanke hukuncin da zai shafe ka, haƙƙin da sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar.

Waɗanda aka fi jawowa su ne wanda ya tsaya wa ɗan haya, da wanda ya sayi gidan, da magada, da wanda ya kama ɗaki ko shago a hannun ɗan hayan.

A shari'ar Green da Green ta 1987, Kotun Ƙoli ta fayyace ma'aunin sanin wanda ya zama dole a shigar cikin shari'a: shin za a iya warware rikicin gaba ɗaya cikin adalci ba tare da mutumin ba? Sanin yadda aka yi kawai bai isa ba, wannan shaida ne. Dillalin da ya karɓi kuɗi a madadin mai gidan da kowa ya sani, galibi nan ya tsaya. Mai neman a shigar da wani yana rubuta buƙata ne da takardar rantsuwa, alƙali ya duba. In an jawo ka babu dalili, lauyanka zai iya neman a cire sunanka.

Inda ake ruɗewa shi ne idan wanda ake ƙara ne ya jawo mutum yana cewa, “In aka ci ni, wannan mutumin ne zai biya ni.” A nan mai ƙara ba shi da da'awa a kan wanda aka jawo ɗin, maganar tsakanin wanda aka jawo da wanda ya jawo shi ce. Amma in wanda aka jawo ya karɓi takardar kotu ya jefa a aljihu har wa'adi ya wuce, ana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa.

Mai shagon da ya kama a hannun ɗan haya shi ne abin tausayi. Ko da bai taɓa fashin biya ba, in yarjejeniyar asali ta rushe tasa ma na iya bin ta, kuma a ganina wannan da nauyi. Kada ya zauna yana kallo, domin kotu na iya hana wanda ya san ana shari'a a kan haƙƙinsa amma ya yi shiru tayar da maganar daga baya. Ya tattara rasitansa, ya nemi a shigar da shi tun kafin hukunci.